Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarakunan Hausawa, Limamai Da Shugabannin Kasuwanninmu Na Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, sarakunanmu na Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12, Alaba Rago da sauran zangunan da Bahaushe ya kafa bukka a Ikko. Allah ya gafarta malamai. Shugabannin kasuwa da na tasha, ina miƙa gaisuwa.

Ni tsohon direban babbar mota ne. Na shigo garin nan a 1974 ina yaron mota, ko gemu ban fara ba, yau kuma ina da jikoki haifaffun Agege waɗanda suke jin Yarbanci fiye da ni. Ban saba ɗaga murya a gaban manya ba, kuma da maganar nan ta ɗaki ce da na bi ku ɗaya bayan ɗaya na faɗa muku a kunne. Amma da sunanmu gaba ɗaya ake kare waɗanda ake zargi da cin dukiyar ƙasa, a bainar jama'a, shi ya sa na ga ya dace a yi maganarsa a fili.

Kwanakin baya an yi walimar saukar karatu a Islamiyyar da jikata take zuwa. Bayan an gama karatu an yi addu'a, yara suka yi ɗan wasan kwaikwayo. Labarin wata ƙasa ce da babu ita a taswira, malaminsu ne ya ƙirƙiro ta. A ƙasar nan an ware kuɗin haƙa rijiyoyin burtsatse, minista ya sa hannu cewa an gama aiki, alhali ko cebur ba a kafa ba. Da asiri ya tonu sai mutanen garinsu suka yi gayya, suka tafi fadar shugaban ƙasa da kalangu, suna cewa ɗansu ake yi wa bi-ta-da-ƙulli. Aka sake shi. Damina ta sauka, jama'a suka ci gaba da shan ruwan kududdufi, amai da gudawa ya ɓarke, kuma unguwar da aka fara fitar da gawa ita ce ta masu kalangun. Jikata ce ta fito a matsayin uwar da ta rasa ɗanta. Da ta durƙusa tana kuka, na ga mata suna share hawaye da gefen hijabi, na ga dattawa sun sunkuyar da kai. Wasunku suna kujerun gaba ranar.

Da aka watse na tambayi malamin me ya sa bai kira sunan ƙasar gaskiya ba. Ya ce, "Baba, in na kira suna, gobe wani zai cire ɗansa daga makaranta, wani kuma ya janye ɗan taimakon da yake ba mu." Ban ga laifinsa ba. Ya san inda yake zaune.

Ba a rufa mako ba sai ga wani ya zo majalisarmu bayan sallar isha'i da takarda, yana karɓar sa hannu. Wai al'ummar Arewa mazauna Legas suna Allah wadai da gayyatar da masu bincike suka yi wa wani babban mutum a kan kuɗin jama'a. Na tambaye shi tambaya ɗaya: kuɗin nan da ake magana, sun ɓata ko suna nan? Ya ce, "Alhaji, ba wannan ne zancen ba. Namu ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ban sa hannu ba. Amma cikin waɗanda suka sa har da mutanen da na ga idonsu ya yi ja ranar walima.

A hanyarmu ta komawa gida ranar wasan, jikata ta tambaye ni, "Kaka, ƙasar nan da muka yi, a ina take?" Na ce mata zan ba ta amsa. Ranku ya daɗe, ni na taɓa kwana a ƙasar nan, a ƙarƙashin mota, a bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa.

A 1975 ne. Kuɗin mai sun shigo kamar ambaliya, an yi ƙarin albashin Udoji, kowa yana ganin arziki ya zo ke nan. A lokacin ne hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kusan tan miliyan 20, kuma Ma'aikatar Tsaro kaɗai ta ɗauki wajen tan miliyan 16 a ciki, wai za a gina barikoki. Tashar Legas kuwa abin da take iya saukewa na siminti a shekara bai wuce wajen tan miliyan ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa yin lodi ya san ba a kiran motoci ashirin zuwa ƙofar da mota ɗaya ke shiga, sai in akwai abin da ake ci a jiran. Kuma akwai. A yarjejeniyar an rubuta cewa kowane jirgi da ya iso bai samu wurin sauke kaya ba, za a riƙa biyansa kuɗin jira kullum, da kuɗin waje. Sai jirage suka yi ta tururuwa har suka haura 400. Akwai tsofaffin jiragen da suka gama aiki, aka ɗora musu siminti aka turo su don kawai su yi layi su ci kuɗin jira. Idan ka je Bar Beach da dare ka dubi teku, fitilunsu kamar wani gari aka kafa a kan ruwa. Mu yara muna zuwa kallo, muna mamaki, ba mu san dukiyarmu ce take ƙonewa a fitilun nan ba.

Simintin da yawa ya sha danshin teku ya daskare a cikin jiragen, ya zama dutse. Abin da ya fi ciwo kuma, duk jirgin da ya ɗauko magani, ko abinci, ko kayan gyaran inji, sai ya bi layi a bayan siminti. Kaya suka yi tsada a Kano da Sakkwato da Maiduguri, wurin mutanen da ba su taɓa ganin teku ba balle su san abin da ake ciki. Mu kuma 'yan mota muka yi ta zaman jiran lodi, mako ya bi mako, mu shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gingimari, sauro ya ci rabonsa, guzuri ya ƙare. Ubangidana bai taɓa ganin takardar kwangilar nan ba, bai san waɗanda suka sa mata hannu ba, amma a shekarar sai da ya sayar da mota ɗaya cikin biyun da ya mallaka.

Ran 29 ga Yuli na shekarar aka hamɓarar da Gowon yana taro a Kampala, Murtala ya hau. Aka kafa kwamitin Mai Shari'a Belgore ya binciki badaƙalar simintin, kuma cunkoson nan yana cikin abin da ya sa aka gina tashar Tin Can da aka buɗe a 1977. Ina so in ɗan tsaya a kan Murtala, domin babu Bahaushen Legas da ba ya ɗaga kai in ya wuce filin jirgin Ikeja ya ga sunansa. Da aka binciki gwamnonin jihohi 12 na zamanin Gowon, 10 aka samu da laifi. Biyun da aka wanke, na Legas ne da na Jihar Yamma. Ku yi lissafin da kanku: jihohin Arewa shida ne a lokacin, kuma Bakanon nan bai ɗaga wa ko ɗaya ƙafa ba don yare ko addini. Ba na cewa duk abin da aka yi a zamaninsa daidai ne. An kori ma'aikata sama da 10,000, kuma kowa ya san guguwar ta haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Amma ina tambaya: da a ce mai takardar nan yana raye a 1975, a wane gefe zai tsaya? Mutumin da muke alfahari da shi, wanda aka harbe a Ikoyi ran 13 ga Fabrairu 1976, da takardar Allah wadai za mu kai masa.

Kada a ce wannan tsohon zance ne. Yawancinku kuna nan a watan Janairu na 2012, lokacin da aka wayi gari litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141. An rufe kasuwanni, Ojota ta cika ta batse, a Kano ma matasa sun kwana a fili, an rasa rayuka, kafin a sauko da farashin zuwa naira 97. Bayan haka Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya binciki kuɗin tallafin mai. Abin da rahoton ya fito da shi ya isa ya hana mutum barci. A kasafin 2011 naira biliyan 245 aka ware, amma abin da aka kashe ya haura tiriliyan biyu da rabi. Kamfanonin da ake biya don shigo da mai ba su kai goma ba a 2006, zuwa 2011 sun zama 140. An biya kuɗin man da bai taɓa sauka a ƙasar nan ba. Rahoton ya ambaci wani biya na naira miliyan 999 da aka maimaita sau 128 cikin sa'o'i 24. Siminti ne ya dawo da wata riga: jirgi a takarda, kuɗi a aljihu.

Shugaban kwamitin nan, Farouk Lawan, ɗanmu ne daga Kano, kuma a makonnin farko babu wanda bai yi tinƙaho da shi ba. Daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 don a cire sunan wani kamfani daga rahoton. A 2021 aka yanke masa shekara bakwai, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar biyar, Kotun Ƙoli ta tabbatar a farkon 2024. Ban kawo wannan don in tona wa bawan Allah asiri ba, ya riga ya yi zaman da aka yanke masa. Na kawo ne don abin da ya biyo baya. Daga ranar da maganar dalolin ta fito, aka daina zancen tiriliyoyin. Rahoton ya rasa ƙarfinsa, masu babban kaso suka samu inuwa, wasu shari'o'in suka haura shekara goma a kotu. Mu kuma a majalisunmu muka rabu biyu, masu cewa tarko aka ɗana masa don ɗan Arewa ne, da masu cewa ya ba mu kunya. Ban ji wanda ya ce a dawo da kuɗin ba.

To, wa ya biya? Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, kuma babbar hujjar da aka kafa ita ce ɓarayi ne ke cinye shi. Maimakon a kama ɓarawo sai aka rushe rumbun. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu. Na san wani zai ce tirela gas take sha, ba fetur ba. Gaskiya ne, ni direba ne. Amma injin ban-ruwan da manomin tumatir yake tayarwa a Kadawa da Kura fetur yake sha. Ƙaramar motar da ke kwaso albasa daga gona zuwa kasuwar Aliero fetur take sha. Naira ta faɗi, taya da kayan gyara suka ninka. Kafin kwando ya iso Mile 12 ya riga ya ɗauki nauyin duk wannan, sai matar da ta zo cefane ta kalli ɗan Arewan da ke gabanta ta ce shi ne azzalumi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ku je Oko-Oba ku tambayi mahauta shanu nawa suke yankawa yanzu. Ku tambayi 'yan dako, da masu shayi, da masu gadi da suke tura kuɗin cefane gida duk wata, ko abin da suke turawa yana kai iyali ƙarshen mako biyu. Babu ɗayansu da ya ga ƙwandala cikin miliyan 999 ɗin nan, amma su ne suke biyan bashin.

Akwai magana mai nauyi da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, kuma ni ma na daɗe ina kauce mata. Mu da yawa muna ƙaunar Janar Abacha. Mun tuna fetur a naira 11, mun tuna titunan da PTF ta gyara. Shekaru na yi ina cewa sharri ake yi masa. Amma Suwizalan ta dawo wa Najeriya da dala miliyan 321 daga kuɗin da aka danganta da shi, sannan a 2020 aka dawo da wajen dala miliyan 311 ta hannun Amurka da tsibirin Jersey. Wannan na biyun an ce a zuba shi a ayyuka uku: hanyar Legas zuwa Ibadan, hanyar Abuja zuwa Kano, da gada ta biyu a kan Kogin Kwara. Biyu daga ciki hanyoyina ne, na san ramukansu kamar yadda na san layin tafin hannuna. Na tsaya a gefensu na taya ɗaukar gawar abokan aiki ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da na tuna cewa kuɗin gyara suna kwance a bankunan Turai shekara ashirin, sai bakina ya yi nauyi. Ana iya ƙaunar mutum, a roƙa masa gafara, ba tare da an ce abin da ya faru bai faru ba.

Lokacin da James Ibori, tsohon gwamnan Jihar Delta, ya koma garinsu a 2017 bayan zaman gidan yari a Ingila aka tarbe shi da kiɗa da rawa, na ji mutanenmu suna ta mamaki, suna cewa wannan wace irin al'umma ce. Takardar da aka kawo majalisarmu ba ta da bambanci da gangar da aka buga masa.

Ranku ya daɗe, na san abin da ke sa ku yin haka, kuma ba na raina shi. Mu baƙi ne a garin nan ko da an haifi kakanninmu a Agege. Mun ga rikicin Idi-Araba a 2002, mun ga na Mile 12 a 2016, mun ga yadda hana acaba ya bar dubban yaranmu babu abin yi. Shugaba yana buƙatar lambar wayar babban mutum da zai kira in dare ya yi. Na kuma yarda cewa zargi ba hukunci ba ne, kuma a ƙasar nan ana kama na wani ɓangare a ƙyale na wani. Idan aka tsare ɗanmu ba bisa ƙa'ida ba, ku fito ku ce a kai shi kotu, a ba shi lauya, a yi masa adalci, ni ma zan bi bayanku da sandata. Abin da ba zan bi ba shi ne a ce kada ma a tambaye shi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma askin da ake sa ku yi, da sunan mai tura baro ake yinsa, wanda ba a shawarce shi ba.

Allah ya gafarta malamai, ku kuka karantar da mu labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, danginta suka ji kunya suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci, saboda sun san matsayinsa a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ku kuka gaya mana yadda fuskarsa ta canja, ya ce abin da ya halaka mutanen farko shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi, kuma da Faɗimatu 'yarsa za ta yi sata da ya yanke hannunta. Mun ji wannan a kan mumbari sau ba adadi, amma kusan kullum sai an zo maganar ɓarawon waya a kasuwa. Ina roƙon ku karanta shi ranar da mai shari'ar biliyoyi yake zaune a sahun gaba. Kuma idan ya kawo gudunmawar ginin masallaci alhali shari'arsa tana kotu, babu laifi a ce masa ya dakata har a gama.

Sarakuna kuma, rawani amana ne. Kada a naɗa wa mutum sarauta a unguwanninmu a daidai lokacin da yake neman inda zai ɓuya. Kada a sake buga takarda da sunan "al'ummar Arewa mazauna Legas" sai an tara al'ummar an karanta musu sun ji abin da ake tuhumar mutumin da shi, da adadin kuɗin, da aikin da aka ce za a yi da su. Idan bayan sun ji sun ce a kare shi, to, ya zama ra'ayinsu.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shugabannin kasuwa da na tasha, kuɗin ƙungiya da ake karɓa a kan kowace mota da kowane kwando kullum, yaushe rabon da a tara mambobi a karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita? Ni na biya irin wannan kuɗi sama da shekara talatin a wata ƙungiya, kuma ranar da na tambayi lissafi aka ce ba ni da ladabi. Ba na zargin kowa da cin ko sisi. Amma yaron da ya tashi yana ganin ba a tambayar shugaban tasha, ba zai iya tambayar minista ba. Allo ɗaya a bakin ofis, a rubuta lissafin wata da alli, ya isa a fara da shi.

Shekara mai zuwa in Allah ya kai mu za a sake walima a Islamiyyar nan. Ina roƙon ɗaya daga cikinku ya kira malamin nan tun yanzu, ya gaya masa cewa in ya ga dama ya sa yara su yi labarin jiragen siminti da sunan Apapa, babu wanda zai cire ɗansa, babu wanda zai janye taimako. Idan yana son wanda zai ba yaran labarin yadda fitilun suke a kan teku, ina nan bayan la'asar kullum. Jikata kuma na riga na zaunar da ita jiya na fara mata daga 1975.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa malamai lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon direba,
Agege, Legas.